Neman Ruɓaɓɓiyar Masara a Karaye da Rogo

To jama'a, ku bar ni in sha ruwa. Tun da na sa hoton nan da nake tsaye da taɓo har gwiwa, wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce Fati me ya kai ki ƙauye da damina, waccan ta ce ko miji kika samo. Ba miji ba ne. Masara ce, ita ma ruɓaɓɓiya. Bari in rubuta gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya sai in tura mata.

Ga waɗanda ba su sani ba, digiri na biyu nake yi a kimiyyar sinadarai. Aikina wani ɗan farin ƙyalle ne, tsawon yatsa. Kun san fumfunar da ke kama hatsi in ya sha laima? To tana barin wata guba a ciki. Ba ta da ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, a hankali take cin hanta, tana kuma tsumburar da yara. Idan aka daka hatsi aka jiƙa a ruwan gwaji aka tsoma ƙyallen nan nawa, in akwai gubar sai ya koma ja.

Ƙyallen kuwa ni nake yin abina. Akwai wata na'ura a lab ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, a zuba ruwan roba mai kauri a sirinji, a sa masa wutar lantarki mai ƙarfin gaske, sai wutar ta ja shi ya zama zare siriri, wanda yanar gizo-gizo ma igiyar guga ce a kusa da shi. Zaren ya taru a faranti ya zama ƙyalle. A baki ke nan. A aikace, in ruwan ya ɗan tsinke, ko garin ya yi laima, sai zaren ya fito da ƙulle-ƙulle kamar carbi. Mai ƙulle-ƙulle kuwa ba ya shan ruwa daidai, aikin banza ne. Wata da watanni carbi kawai nake kaɗawa. Dakta, wato malamin da ke duba aikina, in ya leƙa madubin ƙara girma sai ya ce, "Fatima, ke kam lada kike nema, ba digiri ba."

Da ƙyar na samu zubi ɗaya da ya fito sumul. Na yayyanka, 'yan ƙalilan suka fita. Ban gama murna ba na'urar ta lalace, wai sai an jira kayan gyara daga waje. Dakta ya ce, "A lab ya yi aiki da gubar kwalba, na gani. Yanzu ki je ki gwada da hatsin da mutane ke ci da gaske, yadda yake a ajiye, ba wanda aka gyara ba. In kin kawo sakamako kafin a rufe zango, bana za ki kare aikinki. In ba haka ba, sai baɗi."

Baɗi fa! Ni da Mama ta riga ta zaɓi atamfar walima.

Ƙawata Zainab ce ta ce in je wurin gwaggonta a Karaye, Anti Larai, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wai babu gidan manomin da ba ta sani ba daga can har Rogo.

Na shiga mota a Kabuga da sassafe. Ƙyallayen ba sa son laima ko kaɗan, don haka na naɗe su a leda, na sa a gwangwani, na sa gwangwanin a kula, na rungume kular a cinya. Direba ya ce a kai ta but kusa da jarkar manja. Na ce sai dai a kai ni but ɗin. Matar da ke gefena ta yi ta kallona, can ta ce, "Baiwar Allah, rigakafi ne?" Na ce a'a. "Kifi?" A'a. Ta gyara zama ta ce, "To Allah ya sa dai ba abin da zai tashi da mu ba ne."

A wani shinge a titin Gwarzo aka ce in buɗe. Jami'in da ke wurin ya ɗauki kwalbar ruwan gwajin, ya shinshina, ya ja da baya, ya dubi hijabina ya dubi kwalbar.

"Hajiya, wannan fa?"

"Sifirit ne, Yallaɓai. Irin na asibiti."

"Sha ake yi?"

"Masara ce ke sha."

Ya rufe ya miƙo mini a hankali, ya ce wa direba, "Ku je, Allah ya ba ta lafiya."

Anti Larai ta tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Gaisuwar can ba irin tamu ba ce. Mu a layinmu, maƙwabci ya danna maka hon, ka ɗaga hannu, an gaisa ke nan har wani satin. A can sai da aka tambaye ni gajiya, aka tambayi Mama, aka tambayi Zainab, aka tambayi ruwan Kano, sannan aka koma kan gajiyar don a tabbatar ba ta dawo ba. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka da kifin dam, manya-manya. Ni kuwa aikina ya ɓata ni, duk tuwon da na gani sai in tsaya ina yi masa kallon ɓarawo. Anti ta ce, "Ci za ki yi. Ba don ki auna aka kawo ba." Na ci har na yi ƙari.

Da nake mata bayanin aikina, na zo kan zare da ƙulle-ƙulle, sai ta ajiye ludayi ta kama dariya har da hawaye. "Oh ni Larai! Kaɗi muka bari muka tura ku boko, ashe kaɗin kuka je koyo. Mazarin naku ma wai sai da lantarki!"

Ɗakin 'yarta da ta yi aure aka ba ni. Da aka yi ruwa kwanon ya ɗan yoyo ta gefe ɗaya. Na kwantar da kula a busasshen gefen, ni na kwanta a jiƙaƙƙen.

Washegari muka nufi Yammedi. Kuskurena na farko shi ne barin Anti ta riƙa yin gaba. Kafin in sauka daga babur ta riga ta shiga gidan wani dattijo, Malam Audu, tana cewa ga likitar hatsi daga Kano ta zo duba masara. Muka gaisa da shi a zaure, na durƙusa, na ce, "Baba, masara nake so a ɗan ɗebo mini, ko tafin hannu ne, yadda take." Ya ce ai wannan ba komai ba ne. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, aka kawo fura. Muna zaune, shiru. Can na fara jin ƙarar faifai daga bayan ɗaki, ana ta bakace.

Da ƙwaryar masarar ta iso, wallahi kun ga haƙoran amarya? Haka masarar take. Ɗaya-ɗaya aka tsince ta. Ko tsinke babu. Ga kuma ƙwan zabi a gefe.

Na ce, "Baba, na gode ƙwarai. Amma wadda ba a tsince ba nake so. Har da mai baƙi-baƙin nan, da wadda ƙwari suka ci."

Malam Audu ya dube ni da gaske, ya ce, "Subhanallahi. 'Yata, wani abu muka yi miki?"

"A'a Baba, aikin ne..."

"Baƙuwa ta taso tun daga Kano, a ba ta abincin kaji? A ce a gidan wa aka yi haka?"

Anti tana zungurina a haƙarƙari. Mata sun kewaye ni suna jiran su ga abin mamaki. Kunya ta sa na fito da ƙyalle ɗaya na gwada. Fari fat, ko gezau. Sai guɗa! Kafin in rufe kula labari ya zaga gari wai gidan Malam Audu sun ci. Maƙwabta suka ce su ma sai an auna tasu, ai ba shi kaɗai ya iya noma ba. Kowace ƙwarya ta fi ta baya ƙyalli. Ina ji ina gani ƙyallayena suna tafiya a kan gasar kyau. Da ƙyar na ce na'urar ta gaji. Wace na'ura? Oho. Amma sun yarda.

A hanyar komawa na ce, "Anti, don Allah ki daina cewa likita ce." Ta ce, "To me zan ce? In ce ga mai neman shara na kawo muku?"

Daga nan muka tsallaka ƙasar Rogo a kan babura. Na tambayi mai babur ɗina ina iyakar take. Ya ce babu allo, amma in na ga rake ya fara yawa, sabis kuma ya fara wasan ɓuya, to an shigo. Bai rufe baki ba muka shiga wani kwari da ruwa ya cinye. Ya ce in riƙe da kyau. Ni kuwa kula na riƙe da kyau. Babur ya yi dama, ni na yi hagu. Na tashi tsamo-tsamo, hannuwana a sama da kula kamar na ci kofi. Anti, maimakon ta ce sannu, wayata ta tsamo daga taɓo, ta goge da mayafi ta ɗauke ni hoto. Shi ne wanda kuka gani. Tun daga nan wayar ba a jin magana sai an sa a sifika.

A Beli na canza dabara. Na ce wa matar gidan da muka sauka ina kiwon kaji a Kano, ɗan abincinsu nake nema, irin tarkacen ƙasan buhu. Ta ce Allah sarki. Ta shiga, ta daɗe, ta fito da tsintacciyar dawa. Na ce ai ta kaji ce. Ta ce, "Kajin baƙo ai baƙi ne."

Da na ga haka, sai na faki ido na zaga bayan gida inda rumbu yake, ga tsani a jingine. Na tattare zani na fara hawa. Sai na ji an damƙo ƙafata. Anti ce, fuskarta babu wasa.

"Sauko. Ke a Kano in kin je gidan mutane, buɗe musu durowa kike yi?"

"Leƙawa kawai zan yi."

"Rumbun mutum sirrinsa ne. Ko ɗan'uwansa ba ya leƙa masa. In ya cika ba a so a sani, in ya yi ƙasa ma ba a so a sani."

Na sauko. Gaskiyarta ce. Na buɗe gwangwani na duba abin da ya rage, na rufe da sauri don kada in yi kuka a garin mutane. Na fara tsara yadda zan gaya wa Mama ta ajiye atamfarta.

Zangon ƙarshe Ruwan Bago, gidan wata tsohuwa, Inna Dije, wadda Anti ke sayen gyaɗa a wurinta tun da daɗewa. 'Yar siririya, fara, mai kaifin ido. Irin Fulanin nan da suka daɗe da zama, noma suke yi, shanun 'yan kaɗan ne. Ta ga taɓon jikina ta sa aka ba ni ruwa da zaninta na sa. Kafin mu gama gaisawa na ji kukan kaza, an yanka. Na yi bayanina dalla-dalla, har da roƙo. Ta ce, "An gama, 'yar nan." Ta kira surukarta Hansai ta yi mata raɗa. Jim kaɗan, sai ga ƙarar faifai daga bayan ɗaki.

Na ce shi ke nan. Baɗi.

Muna cikin cin kazar sai wayata ta yi ƙara, sabis ya ɗan leƙo. Kakata ce ta wajen uba. Na danna sifika tunda ba yadda zan yi. Muryarta ta cika tsakar gidan: "Falmata! Falmata, wushe!" Ni duk Barbarcina bai wuce gaisuwa ba, a Kano aka haife ni, amma na amsa mata wushe wushe, muka ɗan taɓa, sabis ya gudu.

Na ɗago kai na ga Inna Dije ta tsayar da tauna.

"Ke. Wa na ji ana ce wa Falmata?"

"Ni ce, Inna. Kakata ce ke kirana haka."

"Mutanen ina ne ku?"

"Asalin babanmu Borno."

Ta dafe ƙirji. "Larai! Kin cuce ni! Babarbariya kika kawo mini gida na yanka wa kaza?" Ta juyo kaina. "Tashi daga tabarmar nan, ta mutane ce. Ashe baiwata ce ta zo gaishe ni na tsaya ina ta rawar jiki. Kuma da zanina a jikinta!"

Gidan ya kaure da dariya. Don 'yan gidan gilashi da ba su sani ba, akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari tun kaka da kakanni. Kowa cewa yake ɗaya bawansa ne, a faɗi duk abin da aka ga dama, kuma ba a fushi. Na sha ganin kakata tana yi da masu tallan nono. Ni dai ban taɓa yi ba. Amma ina sauka daga tabarmar nan wani abu ya faɗo mini. Na tuna baɗi, na ce yau ko ni ko ita.

Na ce, "Ai Inna ban yi mamaki ba. Kazar ma duk ƙashi ce, kamar mai ita."

Mata suka ce, "Kai!" Idon tsohuwa ya yi ƙyalli.

"Ji bakinta! Da kika tashi lashe kwanon ba ki ga ƙashi ba."

"Yunwa ce. Dama an gaya mini gidan Bafulatani ba a ƙoshi. An ce ko tarkacen ƙasan buhu ba ku iya bayarwa saboda rowa."

"Tarkace? Ai shi ne ma daidai ke! Hansai! Ajiye wannan tsintacciyar, ba ta irinsu ba ce. Ɗebo wa baiwata ta buhun bayan ƙofa, kada ki cire ko tsakuwa."

Jama'a, da kwanon nan ya iso kamar in rungume shi. Ga fasassu, ga motsattsu, ga masu hudar ƙwari, ga wasu da ɗan kore-kore a ido. Anti ta dube ni ta ce, "Dubi yadda take murmushi. Yarinyar nan sai an yi mata addu'a."

Na ce a taimaka a daka mini. Inna ta ce ba a daka wa baiwa, ga turmi can. Na kama taɓarya. Bugun farko masara ta watse har cikin akurki. Aka yi ta shewa, wai Barebari ko daka ba su iya ba, sai turare. Da na samu ta yi gari, na zuba a kwalba da ruwan gwaji, na girgiza, na tace, na fito da ƙyalle ɗaya na tsoma.

Muka zuba ido. Fari. Fari. Sai gefensa ya fara sauyawa, kamar an ɗiga zoɓo a ruwa. Launin ya hau a hankali, daidai wa daida, babu tabo babu gurbi, har ya zama ja sosai.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. "Ya yi! Wallahi ya yi! Alhamdulillahi!" Har da juyi, da zanin mutane. Mata suka ɗauki guɗa. Inna ta washe baki ta ce, "Mun ci ke nan? Larai ta ce na Yammedi fari kawai suka samu, mu namu har da kala."

Ina shirin ba ta amsa sai na hango Hansai ta koma bayan ƙofar nan da ƙwarya, tana ɗiba daga buhun da ta ɗebo mini.

Na ce, "Inna, wannan buhun na kaji ne ko?"

"Wane kaji? Kunun yara za ta jiƙa. Mai kyau ta kasuwa ce da baƙi. Wannan ita ce ta gida."

Rawar ta tsaya mini a ƙafa. Da a ce har yanzu baƙuwa ce ni, a kan tabarma, da ban san ta inda zan fara ba. Yaya za ka ci kazar mutum ka ce masa abincin gidansa da guba? Amma a ƙasa nake zaune, an riga an zage ni na rama. Na matsa kusa da ita na faɗa mata yadda abin yake, ban ɓoye ba. Na ce jan nan ba ci ba ne. Na ce sai na kai lab an tabbatar da yawanta, amma kafin nan kada a dama wa yara. A tsince fasassun da masu launi a binne, kada a ba shanu don tana bi ta nono. Sauran a shanya a kan leda ba a ƙasa ba, buhun kuma a ɗaga shi daga jikin bango. Na ce tsincewa ba ta raba ta da gubar duka, amma tana ragewa sosai.

Ta ɗauki wata ƙwaya tana jujjuya ta a tafin hannunta.

"Wato ke kin ci jarrabawa, mu mun faɗi."

Ta jefa ƙwayar a kwano ta gyara zama.

"To tunda ke kika gano, ke za ki tsince. Miƙo mata faifai."

Haka muka baje buhun nan a tsakar gida, ni da ita da Hansai da Anti. Ta kuma aika maƙwabta cewa ga wata Babarbariya ta zo bara, duk mai tarkacen masara ko dawa ko gyaɗa ya kawo mata yadda yake. Abin da na yi ta roƙo tun daga Yammedi, sai ga shi yana shigowa kwano-kwano, kowa na dariya, babu mai jin kunya, tunda ba baƙuwa ake ba wa ba. Ragowar ƙyallayena duk a nan suka ƙare. Wasu sun yi ja, wasu sun tsaya fari, kowace na gaya mata nata a gefe. Na ƙulla samfura a leda na taho da su, kuma da na dawo gwajin lab ya bi bayan ƙyallena. Dakta ya ce in fara shiri, bana ce.

Amma a ranar, da la'asar ta yi muna shirin tafiya, bayana kamar zai ɓalle, sai yara suka fara kewaya madafa, ga shi ba a jiƙa komai ba. Hansai ta tsaya da ƙwarya a hannu ta ce, "Inna, to kunun fa?"

Inna Dije ta waiwaya ta dubi ƙwaryar farko, tsintacciyar nan mai ƙyalli da aka ajiye a gefe tun da rana. Sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗauki waccan da muka gyara wa baƙuwa ki dama musu. Ai ba mu da baƙuwa."